Ranar da Gwadabe Ya Rage Wuta

Idan ka shiga Dutse ka ce Gwadabe kuku kake nema, ɗan acaɓa ma zai kai ka har ƙofar gidansa, a wata unguwa ta gindin duwatsu inda dabino ya kusa fin gidaje yawa. Ya daɗe da barin aikin kuku, amma sunan ya ƙi barinsa. Yanzu da damina noma yake yi, da rani kuma ya ɗauki tiren dabino ya zauna bakin titi. Gajere ne, ba ya son yawan magana, ga son tsari har ya yi masa yawa. Matarsa Talatu takan ce ko takalman baƙi ya tarar a warwatse a ƙofar zaure, ba zai wuce ba sai ya sunkuya ya jera su, manya gefe guda, ƙanana gefe guda.

A wani ƙauye na ƙasar Kiyawa aka haife shi, gidan masu noman gero da dawa da 'yan awaki. Bokonsa bai yi nisa ba. Yana saurayi wani kamfanin shimfiɗa kwalta ya kafa sansani kusa da garinsu, aka ɗauke shi wanke-wanke, a hankali har ya zama mai dafa wa injiniyoyi abinci. A can ya haɗu da abin da ya bi shi har tsufa. Duk yammacin Asabar injiniyoyin nan, 'yan Labanan da wani Bature mai ƙaton ciki, sukan kewaye tebur su buga wata irin karta da suke kira foka, da 'yan fayafayan roba masu launi iri-iri a madadin kuɗi. Gwadabe na zuba musu shayi, idonsa na kan tebur.

Ba cin kuɗin ne ya ɗauki hankalinsa ba, shi da ko kacici-kacici ba ya son a yi fare a kai. Tsarin ne ya burge shi. Kafin a raba karta, dole mutum biyu su zuba wani abu a tsakiya, ɗaya kaɗan, na kusa da shi ninki biyu, ko suna so ko ba sa so, kuma haka zubin ke zagaya tebur. Can an jima sai Baturen ya dubi agogo ya ce an ƙara zubi. Wata rana Gwadabe ya yi ƙarfin hali ya tambayi dalili. Aka ce masa in ba a ƙarawa, matsoraci zai kwanta a kan tulinsa yana jiran karta mai kyau har gari ya waye, wasa ba zai taɓa ƙarewa ba. Zubin dole shi ke fito da kowa daga inda ya maƙale. Wannan magana ta zauna masa daram a ka.

Da kamfani ya naɗe kayansa, Gwadabe ya dawo Dutse, ya auri Talatu, ya kawo wasan majalisarsu. Sai dai Talatu ƙanwa ce ga Malam Muhyiddeen mai makarantar allo, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Malam ya kira surukinsa ya yi masa tambayoyi kamar mai karɓar hadda. Bai taɓa cewa abin ya halatta ba, ya dai kau da kai bisa sharaɗi: ba kuɗi ko sisi, ba a tsallake salla, kuma kafin ladan ya kira magariba a naɗe tabarma. Sau ɗaya a shekara ake yi, kashegarin layya, a zauren Gwadabe. Wanda ya cinye kowa shi ke tafiya da kan ragon maigida, babbakakke, wankakke. Wanda kuwa tulinsa ya fara ƙarewa ya fita, shi ke wanke kofunan shayi ana yi masa tsiya.

Sharaɗin magariba shi ya mai da Gwadabe abin da ya zama. Fayafayan roba ba shi da su, sai ya duba abin da ke tsakar gida. Ɗan tsamiya darajarsa ɗaya ce, ƙwallon dabino biyar, murfin kwalbar lemo ashirin da biyar, ƙwallon goruba kuwa ɗari, shi ne babban yaya. Kowa tuli iri ɗaya ake ba shi. Shekarar farko ya cika wa mutane hannu da tsamiya, aka yi ta tsintar juna kaɗan-kaɗan har ladan ya yi gyaran murya ba wanda ya fita. Shekara ta biyu ya yi zafin hannu wajen ninka zubi, kafin la'asar kowa ya tsiyace, aka zauna ana kallon juna. Bai yi barci mai daɗi ba sai da ya gano daidai: yawan tulin da zai ishi mutum ya yi numfashi, da lokacin da za a kwashe tsamiya a canza ta da dabino don kada ƙirga ta cinye rana. Agogo kuma ya ƙi shi, don kowa da nasa, kuma kowa cewa yake nasa ne daidai. Sai ya ɗora butar shayi a kurfoti. Duk lokacin da ta tafasa aka zuba a kofuna, zubi ya ƙaru, a sake ɗora wata. Ba mai gardama da buta. Shi kansa ba ya bugawa. Aikinsa raba karta da kula da wuta, kuma tun daga lokacin wasansa bai sake kaiwa magariba ba. Yana alfahari da wannan fiye da yadda yake alfahari da gonarsa.

A cikin masu zama tabarmar nan ba kamar Idirisu direba. Tare suka yi kiwon awaki da Gwadabe suna yara, kuma shi ya fara laƙa masa kuku har gari ya ɗauka. Dogo ne, mai murya kamar hon ɗin bas ɗinsa da ke jigila tsakanin Dutse da Kafin Hausa. Karta a wurinsa ba sai ta yi kyau ba. Zai riƙe tarkacen da ko akuya ba za ta ci ba, ya tura goruba biyu tsakiya yana kallon cikin idonka yana murmushi, sai ka tsorata ka ajiye kartarka. Kawunan ragon Gwadabe da suka ƙare a tukunyar matarsa Mahbuba sun fi na kowa yawa. Ƙaramin zubi gundurarsa yake yi. Da ya ga mutane sun lafe sai ya daka wa abokinsa tsawa: "Hura wutar nan, kuku, matsoratan nan sun fara gyangyaɗi!" Gwadabe ya harare shi, ya ci gaba da fifita yadda ya saba, ba ƙari ba ragi.

Wata safiya a tasha, Idirisu ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar mota sai hannun ya ƙi. Hawan jini ne ya kayar da shi. Ya tashi daga jinya ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki ya karkace, magana sai ya ja ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. 'Ya'yansa suka karɓi makullin bas. Mahbuba ta hana shi gishiri, ta hana shi fushi, ta hana yara gardama da shi. Duk abin da ya faɗa, ko da ba daidai ba ne, sai a ce haka ne Baba. Masu zuwa dubiya suna rage murya, su yi ta sannu, su fita suna girgiza kai. Mutumin da a da unguwa ke jin shigowarsa tun daga kwana, ya koma zama a dakalin ƙofar gida da sanda a gefe.

Da watan layya ya kama, Gwadabe ya je gaishe shi, Idirisu ya tambaye shi ko bana akwai wasan. Ya ce akwai mana. Idirisu ya ce a ajiye masa wurinsa na jikin bango, idonsa kuwa ya yi wani haske da Gwadabe bai gani ba tun kafin ciwon. Ranar suka ɗan gwada su biyu a kan dakali. Abin da Gwadabe ya gani ya karya masa zuciya. Idirisu na danne karta da gwiwa ya ɗaga gefenta da hannun hagu, ya daɗe yana kallo, ya ajiye, ya sake ɗagawa don ya manta. Gwadabe ya san tsarinsa kamar yunwar cikinsa: mai jinkiri irin wannan, buta ta uku ba za ta same shi a tabarma ba. Zubi kaɗai zai cinye shi, ba sai wani ya taɓa shi ba. Shi zai fara fita. Shi zai durƙusa gaban bokiti ya wanke kofuna da hannu ɗaya, a gaban yaran da a da ke tsoron haɗa ido da shi.

Abin ya hana Gwadabe sukuni. Ya zube buhun ƙwallayensa a tsakar gida yana ta juya lissafi. Ya ƙara masa goruba a ɓoye? Idirisu zai ƙirga tulinsa, ya kuma ƙirga na maƙwabcinsa, halinsa ne. Ya soke wankin kofi? Duk unguwa za ta san don wa aka soke. Ya ƙara wa kowa tuli? Za a tambayi dalili. Abu ɗaya ne a hannunsa wanda ba mai dubawa, shi ne wuta. In buta ta yi jinkirin tafasa, zubi zai zauna ƙarami, mai jinkiri zai samu sararin numfashi, har wani mai garaje ya riga shi fita. Daga nan sai ya hura, a ƙarasa kamar kullum. Da ya faɗa wa Talatu tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, mutumin nan jikinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba." Ya ce ita ba ta san wasan ba. Gaskiya ne ba ta san wasan ba, amma ta san Idirisu.

Ranar ta zo. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma, ƙamshin suya na shigowa daga kowane gida. Talha tela ya riƙo Idirisu har wurinsa na jikin bango. Musaddiq malamin firamare ya zo, da sauran 'yan majalisa, kowa ya karɓi tulinsa. Gwadabe ya zuba gawayi rabin abin da ya saba, ya barbaɗa toka a kai, ya cika buta har wuya da ruwan randa. Yana kaɗa mafici, amma iskar gefe take bi.

Ya yi lissafin gawayi, ya yi lissafin ruwa, bai yi lissafin mutane ba. Waɗannan mutane shekara da shekaru suna shan shayin nan, jikinsu ya san lokacin da buta ke fara kuka. Talha ne ya fara duban kurfoti, ya dubi Gwadabe, ya dubi Idirisu, ya sunkuyar da kai. Musaddiq ya gani. Kafin a zagaya tabarma sau biyu kowa ya gane abin da maigida ke nufi, kuma kowa ya ga ya kamata ya sa hannu a aikin lada. Idirisu ya tura dabino biyu, sai ka ga mutum ya dubi kartarsa ya yi tsaki ya ajiye. Ya tura murfi, kowa ya janye. Gwadabe ya so ya hana, amma da wane baki, shi da ya fara?

Abin da ya fi ciwo, da farko Idirisu ya ji daɗi. Yana jawo tuli da hannun hagu yana dariya da rabin baki, har ya ce wa Musaddiq boko bai hana shi tsoro ba. Rabon da a ji ya zolayi wani tun kafin ciwo. Gwadabe ya ji sanyi a ransa, ya ce wa kansa ai ga shi nan, Talatu ta faɗi son ranta ne kawai. Aka tashi la'asar buta ɗaya kacal aka sha, a lokacin da aka saba an sha uku. Ba wanda ya fita, kuma tulin Idirisu ya fi na kowa.

Da aka dawo daga masallaci dariyar ta ɗauke. Idirisu ya zauna yana kallon tabarma. Har yanzu tsamiya na gaban kowa, alhali shi ya sani bayan la'asar ba a ganin tsamiya a wasan Gwadabe. Ya miƙa hannun hagu a hankali ya taɓa cikin buta da bayan yatsunsa, ya bar su a wurin. Ruwan ko jariri za a iya yi wa wanka da shi. Ya ɗago ya dubi abokinsa.

"Hura wutar, kuku," in ji shi, ba tsawa, ba wasa.

Gwadabe ya ce gawayin bana ne ba shi da kyau. Ya kaɗa mafici da ƙarfi, toka ta tashi, garwashin da ya binne ya bayyana ja wur a gaban kowa.

Aka raba karta. Idirisu bai ko taɓa tasa ba. Ya sa hannu ya turo tulinsa gaba ɗaya tsakiyar tabarma, goruba na gangarawa, ya jingina da bango. Kowa ya ga bai duba ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye, har aka zo kan Musaddiq. Musaddiq ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa, ya kife shi a tabarma ya ce, "Na bar maka, Baba Idi." Idirisu ya ce ya buɗe ya gani. Musaddiq ya ce ai ba komai a ciki. Sai Idirisu ya ɗauki sandarsa ya sa bakinta ya birkice katunan. Sarakuna biyu ne. Da bara ce, da wannan karta Musaddiq zai bi mutum har cikin ɗakin uwarsa.

Ana jin yara na rigima a kan nama a gidan Malam. Idirisu ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya a kan ta Gwadabe ba. Ya ce, "Ku raba tulin nan. Na fita. Ni na fara fita."

Ya dafa sanda ya ja jiki zuwa inda bokiti yake. Talha ya yunƙura zai taimaka, ya ɗaga masa hannu. Ya zauna a ƙasa, ya matse kofi tsakanin gwiwoyinsa, ya cuɗa shi da hannun hagu, ya ɗauraye, ya kife a tire, ya ɗauki na gaba. Ruwa ya jiƙa masa sabuwar shaddar Salla har cinya. Al'ada ce a yi wa mai wankin kofi tsiya, kuma da wani ya daure ya yi masa ko kalma ɗaya ce, wataƙila da an gyara wani abu. Ba wanda ya iya. Suka zuba masa ido cikin tausayi, wato abin da ya gudo daga gida saboda shi. Da ya gama ya ce wa Talha ya kai shi gida. Ba a ƙarasa wasa ba ranar. Kan ragon Talatu ce ta dafa, ta raba wa maƙwabta, ba ta kuma ce wa mijinta ai na faɗa maka ba, shi kuwa ya gwammace da ta faɗa.

Gwadabe ya bari Salla ta wuce ya je neman gafara. Ya tarar da shi a dakali, ya durƙusa kamar gaban babba, ya yi ta bayani a kan tuli da zubi da buta ta uku. Idirisu ya saurare shi har ya gama. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma ya san don ƙauna aka yi. Sannan ya ja maganar a hankali, kalma bayan kalma: "A gida ana tausaya mini. A asibiti ana tausaya mini. A masallaci har sahu ake buɗa mini. Wuri ɗaya ya rage inda nake zaton ana so a cinye ni. Da ka bar ni na wanke kofin nan da gaskiya, Malam Gwadabe."

Tun suna kiwon awaki bai taɓa ce masa Malam ba.

Har yanzu ana wasan, kashegarin layya. Gwadabe ya koma gawayinsa na da, buta na tafasa a kan kari, ana kwashe tsamiya kafin la'asar, ana naɗe tabarma kafin magariba, Malam Muhyiddeen bai taɓa samun abin cewa ba. Duk shekara in yana ware tuli sai ya ware har da na jikin bango, ya aika a faɗa wa Idirisu an ajiye masa wurinsa. Duk shekara amsa ɗaya ce: yana godiya, yana yi wa kowa barka da Salla. Sai Gwadabe ya mayar da tulin cikin buhu kafin mutane su iso.

Da rani kullum ta ƙofar gidan Idirisu yake bi da tirensa, ko da yake akwai hanyar da ta fi kusa. Yara a lungu na ce masa Baba kuku, 'yan acaɓa na ce masa kuku, har jikokinsa sun ɗauka sunan yanka ne. Yakan rage tafiya in ya zo daidai dakalin, ya yi sallama, ya ɗan jira. Idirisu ya ɗago, ya amsa da fara'a da ladabi, ya ce, "Ina kwana, Malam Gwadabe." Gwadabe ya ce lafiya lau, ya tambayi jiki, ya gyara tire a kansa ya wuce.